Kamfani ya ce in biya kafin ya buga min littafina na farko, dama haka ake yi?

Sadiya:
Assalamu alaikum 'yan gida. Shawara nake nema. Na kammala ƙagaggen labarina na farko, sai na tura wa wani kamfani da na ga yana talla a Facebook cewa yana neman sabbin marubuta. Ba a daɗe ba sai ga amsa, wai labarin ya burge su matuƙa, za su buga. Amma sun ce ni zan biya kuɗin gyara da zanen bango da bugun farko, su kuma su tallata shi, in an sayar a ba ni kasona. Sun turo takardar yarjejeniya, sun ce in sa hannu kafin ƙarshen wata don guraben sun kusa cika. Ni ban taɓa shiga wannan harka ba. Dama haka ake yi?

Malam Ɗanjuma:
Wa alaikumus salam. Sadiya, kafin a yi nisa, amsa min wannan. A wasiƙar da suka ce labarin ya burge su, sun ambaci sunan ko da mutum ɗaya na cikin labarin? Sun ce ga wurin da ya yi armashi, ga wurin da ya yi sanyi?

Sadiya:
A'a Malam. Yabo ne zalla, wai alƙalamina na da kaifi.

Malam Ɗanjuma:
To ba su karanta ba. Na daɗe ina aikin edita, editan da ya karanta littafi har ya so shi ba ya iya yin shiru a kan abin da ke ciki. Zai ce miki babi na uku ya ja da yawa, ko kishiyar nan ta fi tauraruwar labarin rai, ko ƙarshen ya zo da gaggawa. Yabon da za a iya tura wa kowa ba naki ba ne.

Kamfanin ɗab'i na gaskiya da kuɗinsa yake kasada. Shi zai biya edita, shi zai biya mai zanen bango da mai tsara shafuka, shi zai biya maɗaba'a, sannan ya jira masu karatu su mayar masa da kuɗinsa. Shi ya sa yake ƙin mafi yawan abin da aka turo masa, don kowane littafi da ya karɓa yana iya jawo masa asara. Wanda kuwa ya karɓi kuɗi a hannun marubuci, ranar da kika biya ya ci ribarsa. A sayi littafin ko kar a saya, babu abin da ya dame shi. Wannan gaggawar ta "kafin ƙarshen wata" ma ta ishe ki alama.

Anti Rabi:
Malam, a yi mana adalci dai. Ba duk wanda ya cire kuɗi daga aljihunsa ba ne aka damfara. Littattafaina kaf da kuɗina na buga su, kuma ban yi nadama ba. Kar yarinyar nan ta tafi da tunanin cewa biyan kuɗi shi ne laifin.

Malam Ɗanjuma:
Hajiya, da kika biya, littafin na wa ne?

Anti Rabi:
Nawa mana. Ai nan ne bambancin, shi nake so ta gane. Ni na nemi edita na biya shi aikinsa, na nemi mai zane na biya shi, na kai maɗaba'a na ce a buga min kwafi kaza. Da aka gama na kwashe kwafina gaba ɗaya, fayil ɗin littafin yana hannuna, gobe in na ga dama in canza maɗaba'a, babu mai ce min don me. Ni ce kamfanin. Abin da aka kawo wa Sadiya kuwa, ita za ta biya kamar mai buga wa kanta, sannan a riƙa gutsura mata kaso kamar wadda kamfani ya ɗauki nauyinta. Ta ɗauki wahalar hanya biyu ba ta ci amfanin ko ɗaya ba. Ƙanwata, kar ki sa hannu.

Nura:
Ni fa ban ga abin wahalar da kai ba a wannan zamani. Amazon KDP, dandalin Amazon na masu buga littafi da kansu, na nan tun 2007. Ki buɗe asusu, ki ɗora littafin, cikin 'yan kwanaki yana kasuwar duniya, ba ki biya ko sisi ba, kuma kashi 70 cikin ɗari naki ne. Duk waɗannan kamfanonin ɗab'in zamaninsu ya wuce.

Anti Rabi:
Nura, kai kullum Amazon. Ka taɓa ɗora littafin Hausa a can?

Nura:
Na Turanci na ɗora, Anti.

Anti Rabi:
Yawwa. KDP na da jerin harsunan da yake karɓa, kuma lokacin da na duba babu Hausa a ciki. Duk mai rubutu da harshen da ba ya cikin manyan harsunan kasuwarsu ya fara duba jerin nan kafin ya ɓata lokacinsa. Kashi 70 ɗin ma ba haka kawai ake ba da shi ba. Na littafin da ake karantawa a waya ne, sai farashinka ya faɗa cikin iyakar da suka gindaya, kuma suna cire kuɗin aikawa gwargwadon nauyin fayil. In ka fita daga iyakar, kashi 35 ne. Na takarda kuwa kashi 50 ko 60 ne, daga ciki kuma a cire kuɗin bugawa. In ka shiga tsarinsu na KDP Select, kwana 90 ba ka da ikon sayar da na wayar a wani wuri. Sannan ka tabbatar akwai hanyar da kuɗinka za su iso bankinka daga inda kake.

Babbar matsalar ma ba wannan ba ce. Ɗorawa ba ta da wuya, shi ya sa kowa ke ɗorawa. Littafinka zai shiga cikin miliyoyi, babu wanda zai yi tuntuɓe da shi sai wanda kai da kanka ka turo.

Nura:
Na yarda da batun talla. Amma ko kamfanin ne ya buga, sabon marubuci shi ake bar wa tallar. To gara in yi wahalata in ci kasona mai yawa.

Malam Ɗanjuma:
Kashi 70 na kwafi goma, da kashi 10 na kwafi dubu uku, ka yi lissafi. Ban ce kowane kamfani zai sayar maka da dubu uku ba. Cewa nake abin da kamfani ke kawowa ba bugu ba ne, bugu kowa na iya yi. Hanyar da littafi zai bi ya isa kantuna da makarantu da ɗakunan karatu, ita ce jarinsa, kuma shekaru ake yi ana gina ta.

Tunda Sadiya ta ce ba ta san harkar ba, bari in faɗi yadda hanyar kamfani take, ko da ba ita za ta bi ba. A kasuwar littattafan Turanci manyan kamfanoni biyar ne ke riƙe da mafi girman kaso: Penguin Random House, wanda ya samu daga haɗewar kamfanoni biyu a 2013, sai HarperCollins, Simon & Schuster, Hachette da Macmillan. Galibin sassansu ba sa karɓar rubutu kai tsaye daga marubuci, sai ta hannun wakili. Wakilin nan shi ke kai littafi ga editocin da ya san ɗanɗanonsu, shi ke cinikin yarjejeniya, ladansa kuma kashi 15 cikin ɗari na abin da marubuci ya samu, kusan kashi 20 in an sayar da haƙƙin fassara a wata ƙasa. Ba ya karɓar komai sai ya sayar. Wakilin da ya ce ki biya kuɗin karatu, ki yi masa sallama.

Abin da ake tura masa: wasiƙa shafi ɗaya mai cewa ga labarin, ga nau'insa, ga yawan kalmominsa, ga ko ke wace ce. Sai taƙaitaccen labarin shafi ɗaya ko biyu, har da yadda ya ƙare, ba a ɓoye wa wakili ƙarshe. Sai babi uku na farko ko adadin shafukan da ya nema. Ƙagaggen labari sai an kammala shi ake turawa. Littafin ilimi ko na tarihi kuwa ana iya sayar da shi da tsarin babi-babi da samfurin babi ɗaya ko biyu, tun ba a rubuta sauran ba.

In kamfani ya karɓa, yakan ba da kafin alƙalami, a biya shi kashi-kashi. Ba kyauta ba ne, daga kasonki na gaba ake cirewa, ba za ki sake ganin kuɗi ba sai cinikin ya cike gurbinsa. Amma in littafin bai yi kasuwa ba, ba a cewa ki mayar. Daga sa hannu zuwa fitowar littafi kuma shekara ɗaya zuwa biyu ba abin mamaki ba ne.

Fa'iza:
Malam, duk wannan ai na masu rubutu da Turanci ne. Mu da muke rubutu da harshenmu, wane wakili ne zai karanta mana?

Malam Ɗanjuma:
Gaskiyarki, Fa'iza. A yawancin harsunan duniya babu wakilai a tsakani, marubuci da kansa yake tunkarar kamfani. Ko a Turancin ma ƙananan kamfanoni da maɗaba'un jami'o'i da yawa suna karɓa kai tsaye, wasu suna buɗe ƙofa na 'yan makonni a shekara. Dabarar ita ce ki ɗauki littattafan da suka yi kama da naki, waɗanda suka fito a 'yan shekarun nan, ki buɗe shafin da ke bayan shafin suna ki ga wa ya buga. Waɗannan ne mutanenki. Kamfanin da littattafan makaranta kawai yake bugawa, ko labarinki ya fi na kowa ba zai ɗauka ba, ba don ya raina ki ba, ba shi da inda zai sayar da shi ne. Kuma ki bi ƙa'idar da suka rubuta daidai. In sun ce shafi talatin, kar ki tura ɗari uku ki ce ai daɗin labarin a tsakiya yake.

Akwai kuma ƙofar gasa da mujallu. BBC Hausa ta fara gasar Hikayata a 2016 don mata marubuta gajerun labarai. Gasar gajerun labarai ta Commonwealth kyauta ake shiga, tana karɓar labarin da ba a taɓa bugawa ba mai kalmomi 2,000 zuwa 5,000, har da wanda aka fassara zuwa Turanci. Gasar Caine ta marubutan Afirka kuwa akasin haka ce, sai labarin da aka riga aka buga, kuma wanda ya buga shi ne ke turawa. Editoci na bibiyar sunayen da ke fitowa a irin waɗannan wurare.

Fa'iza:
To ga tawa matsalar. Ni labarina shafi-shafi na riƙa sake shi a WhatsApp da Wattpad har ya ƙare, mutane sun bi shi sosai. Yanzu ina so ya zama littafi. Na ɓata rawata da tsalle ke nan?

Malam Ɗanjuma:
A wurin gasa da yawa da wasu kamfanoni, abin da aka saka a fili kowa ya karanta an riga an buga shi. Za su ce me za mu sayar wa mutanen da suka karanta kyauta?

Anti Rabi:
Nan kam ban bi ka ba, Malam. Abin da Fa'iza ke da shi, shi ne abin da kamfanin ke nema ido rufe: masu karatu da suka san sunanta. Littafina da ya fi kowanne tafiya shi ne wanda na fara saki a waya. Waɗanda suka karanta kyautar su suka fara saye, wasu don su ajiye, wasu don su ba wani. Abin da zan ce kawai, kar ki buga shi yadda yake. Rubutun da ake saki kullum yana da cututtukansa: maimaici don tuna wa mai karatu abin da ya faru jiya, jan rai a ƙarshen kowane shafi, da mutanen da aka shigo da su don masu sharhi sun nema sannan aka manta da su. A littafi duk wannan fitowa yake fili. Ki zauna ki sake ɗinke shi, ki ƙara abin da babu a na wayar.

Malam Ɗanjuma:
In ita za ta buga da kanta, na yarda. In kamfani za ta kai wa, ta gaya musu gaskiya tun a wasiƙar farko, ta faɗi yawan masu bibiyarta. Wani zai gudu, wani kuma abin da zai ja shi ke nan. Ɓoyewar ce ba ta da kyau, don a yarjejeniya za ta sa hannu cewa ba a taɓa fitar da shi ba.

Sadiya:
Na gode ƙwarai. Wani abin da ke damuna, sun riga sun karɓi labarin gaba ɗaya. In na ƙi sa hannu ba za su buga da sunan wani ba? Ban yi masa rajista ko'ina ba.

Barista Aminu:
Malama Sadiya, kwantar da hankalinki. Haƙƙin mallaka ba ya jiran rajista. Ƙarƙashin yarjejeniyar Berne ta 1886, wadda ƙasashe sama da 180 suka shiga, da zarar kin rubuta abu naki na kanki ya zama mallakarki, kuma kariyar na ɗorewa tsawon rayuwar marubuci da aƙalla shekara 50 bayan rasuwarsa, ƙasashe da yawa ma 70 suke bayarwa. Rajista a inda ake yin ta hujja take ƙarawa, a wasu ƙasashe kamar Amurka kuma ana buƙatarta kafin ɗan ƙasa ya shigar da ƙara. Ki adana saƙon imel ɗin da kika tura musu da kwanan watansa, da tsofaffin kwafin rubutun tun yana ɗanye. Irin waɗannan kamfanoni ma ba labarin suke so ba, kuɗinki suke so.

Abin da ya fi satar haɗari shi ne abin da mutum ke bayarwa da hannunsa. Ki kwafo mana sakin layin da ya yi maganar haƙƙi, ki cire sunan kamfanin.

Sadiya:
Da Turanci yake, ga ma'anarsa: marubuciya ta miƙa wa kamfani dukkan haƙƙoƙin littafin, a kowane harshe da kowace siga, a duk duniya, har ƙarshen wa'adin haƙƙin mallaka. Kasona kuma kashi 20 na ribar da ta rage bayan an cire ɗawainiya.

Barista Aminu:
Inna lillahi. To bari mu bi shi a hankali, don ko kamfanin kirki ne ya ba ki takarda, wuraren nan za ki duba.

Miƙa haƙƙi daban, ba da izinin bugawa daban. In kin miƙa, littafin ya tashi daga naki, ko ke sai kin nemi izini kafin ki sake buga shi. In izini kika bayar, mallaka na hannunki, su kuma suna da damar bugawa bisa sharaɗi. "Kowane harshe da kowace siga" na nufin fassara, da littafin saurare, da fim, da wasan rediyo, duk sun tafi. Ki tambayi kanki, kamfanin nan ya taɓa fassara littafi ko ya sayar da labari ga masu fim? In bai taɓa ba, me zai yi da haƙƙin? Abin da ba za su yi amfani da shi ba, ki riƙe kayanki.

Dogon wa'adi shi kaɗai ba abin tsoro ba ne, manyan kamfanoni ma sukan rubuta haka. Amma a takardar kirki akwai sakin layin da ke cewa in littafin ya ƙare a kasuwa ba su sake bugawa ba, ko cinikinsa ya faɗi ƙasa da adadi kaza a shekara, haƙƙi ya dawo wa marubuci. A nace a sa adadi, don yanzu da ake buga kwafi ɗaya-ɗaya in an yi oda, kamfani na iya cewa littafi bai taɓa ƙarewa ba har abada.

Sai kason. Kashi 20 na "riba bayan ɗawainiya" na iya zama sifili, tunda su ke rubuta ɗawainiyar. Kaso ko dai a ɗora shi kan farashin da ke jikin bango, ko kan kuɗin da ya shigo hannun kamfani. A ce farashin bango 100 ne, mai kanti ya saya a 50. Kashi 10 na farashin bango 10 ne, kashi 10 na abin da ya shigo 5 ne. Lamba ɗaya, kuɗi rabi. A kasuwar Turanci abin da aka saba gani shi ne kashi 10 zuwa 15 na farashin bango a littafi mai bango mai kauri, ƙasa da haka a mai laushi, da kashi 25 na abin da ya shigo a na waya. A rubuta kuma sau nawa a shekara za a turo miki lissafin ciniki, da ranar da in ba su fitar da littafin ba yarjejeniya ta warware.

Nura:
Kun gani ko? Duk wannan ciwon kan babu shi in ka buga da kanka.

Hajiya Zulai:
Akwai wani ciwon kan dai, ɗana. Ni sayar da littattafai nake yi, kuma masu buga wa kansu kullum suna zuwa min da kwali. Abu na farko da ke ba su mamaki shi ne ragin da mai kanti ke nema. Tsakanin mai rarrabawa da mai kanti, kashi 40 zuwa 55 na farashin bango ke tafiya. Mutum ya sa farashi yana kallon kuɗin bugu kawai, da aka cire ragin sai ya ga kowane kwafi faɗuwa yake yi. Tun kafin a buga ake wannan lissafi. Na biyu, yawanci ba saye muke yi ba, ajiya ce: abin da aka sayar a biya ka, abin da ya kwana a mayar maka, wani lokaci bangon ya dusashe.

Ku riƙa lura da gadon bayan littafi. A kan kanta ba fuskar littafi ake gani ba, gefensa ake gani. An kawo min wani littafi mai kyau, labari mai daɗi, amma gefensa fari fat babu suna. Na jera shi tsakanin sauran, ya ɓace kamar ba ya nan. Wanda ya zo nemansa da suna ma sai da muka yi ta zaro littattafai ɗaya-ɗaya.

Kuma don Allah a daina buga dubbai a karon farko don an ce kwafi ya fi araha in an buga da yawa. Gaskiya ne ya fi araha, amma arahar kwafin da ke jibge a ɗaki yana shan danshi ba araha ba ce. A fara da kaɗan, in ya ƙare a sake.

Kabiru Mai Zane:
Hajiya ta taɓo wurin da nake aiki. Faɗin gadon baya ba a ƙiyasta shi da ido, daga yawan shafuka da kaurin takarda ake lissafa shi, shi ya sa ba a kammala bango sai an gama tsara cikin littafi. Hoton bango kuma ya kai 300 dpi, wato ma'aunin kaifin hoto a bugu, wanda aka sauke daga WhatsApp ya riga ya matse, a takarda zai fito dishi-dishi.

Ga wani abu da ya shafe mu musamman: haruffa masu ƙugiya. Ba kowane samfurin rubutu, wato font, ne ke da ƙ da ɗ da ɓ ba. A kwamfutarka za ka ga komai daidai, don ta aro harafin daga wani samfurin ba ka sani ba. A kai maɗaba'a, sai ka ga "ƙasa" ta fito da ɗan akwati a farkonta, ko ƙ ɗin ta fi sauran haruffa tsawo kamar baƙuwa. A zaɓi samfurin da ke da su tun farko, a mayar da fayil PDF tare da cusa samfurin a ciki, sannan a nemi kwafin gwaji guda ɗaya a karanta shi a takarda kafin a ce a buga sauran.

Fa'iza:
Yaya Kabiru, ISBN fa? Wani ya ce min in ba ka da ita littafinka ba ya da kariya.

Kabiru Mai Zane:
Ba ruwanta da kariya, Barista ya riga ya yi bayanin wannan. Lambar shaida ce ta kasuwa, da ita kantuna da ɗakunan karatu ke gane littafi. Tun 2007 lamba 13 ce, tana farawa da 978 ko 979. Galibin ƙasashe na da hukumar da ke bayar da ita, a wasu ƙasashe ɗakin karatu na ƙasa ne, wasu kyauta wasu da kuɗi. Kowace siga da tata: mai bango mai kauri daban, mai laushi daban. Ki karɓa da sunanki ko sunan da kika raɗa wa kamfaninki, don wanda lambar ke ɗauke da sunansa shi ne mawallafi a rajista. Wadda Amazon ke bayarwa kyauta a wurinsu kawai take aiki. Ƙasashe da yawa kuma doka ta wajabta a kai wasu kwafi ɗakin karatu na ƙasa bayan an buga, ki duba taku.

Sadiya:
Na rubuta musu na tambayi littattafan da suka buga bara da kantunan da zan same su, na kuma ce a sa sharaɗin dawo da haƙƙi. Ba su amsa ko ɗaya ba, sai cewa suka yi sun rage min kashi 30 na kuɗin in na biya wannan makon. Na bar su. Yanzu ina tunanin bin hanyar Anti Rabi.

Malam Ɗanjuma:
Madalla. Amma kafin ki zaɓi hanya, yaushe kika rubuta kalmar ƙarshe, kuma wa ya karanta ban da ke?

Sadiya:
Watan jiya. Ƙawata ta karanta da yayata, duk sun ce ya yi.

Malam Ɗanjuma:
Masu ƙaunarki ne, ba za su ce bai yi ba. Ki ajiye shi wata ɗaya ko biyu kar ki buɗe. Sannan ki buga shi a takarda ki karanta da babbar murya, duk inda numfashinki ya sarƙe ko kika ji kina son tsallakewa ki sa alama. Bayan nan ki ba mutum uku da ke karanta irin wannan labari amma ba sa jin nauyinki. Kar ki tambaye su ko ya yi daɗi. Ki tambaye su a wane shafi suka ajiye shi suka tashi, wane mutum ne suka rikita da wani, me suka zata zai faru bai faru ba.

Gyara kuma hawa-hawa ne. Akwai na ginin labari, inda ake cire babi ko a sauya masa wuri. Akwai na jimla. Akwai na ƙa'idar rubutu, raba kalma da haɗe ta da alamomi. Na ƙarshe shi ne duba shafukan da aka riga aka tsara. Sabbin marubuta sukan biya na ƙarshen su ce an gyara, alhali matsalar tana can a ginin.

Nura:
Ni tsorona da editoci ke nan, Malam. Ka ba su labari su mayar maka da shi da muryarsu. Karin harshenka ma sai su goge su ce ba daidaitacciya ba ce.

Malam Ɗanjuma:
Akwai masu yin haka, ban musa ba. Shi ya sa ba a ba edita littafi gaba ɗaya tashin farko. A ba shi shafi goma ya gwada, a ga hannunsa. In ya taɓa maganar da ke bakin mutanen labari ya mayar da tsohuwar ƙauye tana magana kamar mai karanta labarai, a nemi wani. Kuma a yi aiki da fayil mai nuna kowane canji, marubuci ya karɓa ko ya ƙi.

Anti Rabi:
Sadiya, in kin zo bin tawa hanyar ki sani rabin lokacinki zai koma kasuwanci: bin maɗaba'a, bin masu kanti bashi, aika saƙo, amsa waya. Akwai shekarar da ban rubuta komai ba saboda wannan. In kin san ba za ki iya ba, ki gwada ƙananan kamfanoni tukuna, ki tura wa da yawa lokaci guda in ƙa'idarsu ta yarda, ki ba su watanni. Ana jira kina rubuta na biyu.

Fa'iza:
Barista, tambaya ta ƙarshe daga ni. Da sunan alƙalami aka san ni a waya, kuma gida ba su san ina rubutu ba. Zan iya buga littafin da wannan sunan?

Barista Aminu:
Za ki iya. A bango ki sa sunan da kika ga dama, muddin ba na wani sanannen marubuci ba ne. Amma yarjejeniya da asusun da kuɗi za su shiga da sunanki na gaskiya za a yi su, a ƙara layi ɗaya da ke cewa za a fitar da littafin da suna kaza, kuma kamfani ba zai bayyana ainihin sunanki ba sai da izininki a rubuce. In ke za ki karɓi ISBN da kanki, ki tambayi hukumar wane bayani ne ke fitowa fili a rajistarsu kafin ki cike fom ɗin.